Tarihin Auren Tarayyar Dukiya: Rabi na Miji, Rabi na Mata, Mabuɗi a Hannun Wa?

 

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana zagayawa a tsakaninmu, musamman daga bakin 'yan'uwanmu masu fatauci zuwa Duwala da Abijan da Kumasi, da waɗanda 'ya'yansu suka tafi neman abinci Afirka ta Kudu. Tambayar ita ce: wai da gaske ne akwai ƙasashen da idan mutum ya yi aure, rabin abin da ya mallaka ya zama na matarsa? Da gaske ne, kuma rabin abin da matar ta mallaka shi ma ya zama na mijin. Wannan tsari shi muke kira auren tarayyar dukiya. Ya haura shekara dubu a duniya, kuma wanda ya bi tarihinsa zai ga cewa rubuta wa mace rabin dukiya a takarda an yi shi tun da wuri. Abin da ya ɗauki ɗaruruwan shekaru ana ja-in-ja a kansa shi ne ba ta ikon ta ce: "Ban yarda a sayar ba."

Yadda tsarin yake

A irin wannan aure, doka tana kallon miji da mata kamar abokan kasuwanci biyu da suka zuba jari a asusu ɗaya. Tsarin iri biyu ne. A na farko ana haɗe komai: gidan da miji ya gina tun yana saurayi, da filin da mata ta saya kafin aure, da albashi, da ribar kasuwa, duk su zama dukiya ɗaya wadda kowannensu yake da rabi a cikinta. A na biyu kowa yana riƙe da abin da ya shigo da shi da abin da ya gada, sai abin da aka samu bayan ɗaurin aure kaɗai ya zama na tarayya. Idan mutuwa ta zo ko aure ya mutu, sai a biya bashi, a raba saura gida biyu. Rabin da ya faɗa wa wanda ke raye ba gado ba ne, nasa ne tun asali. Rabin mamacin ne kawai magada za su raba.

Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Yadda ake tarayya a riba, haka ake tarayya a bashi. Idan miji ya ci bashi kasuwa ta karye, masu bin bashi suna iya taɓa dukiyar tarayya, har da rabin matar da ba ta taɓa shiga shagonsa ba.

Inda abin ya samo asali

Tsofaffin Rumawa, waɗanda Turai ta gaji yawancin dokokinta daga wajensu, ba su san wannan tsari ba. A wurinsu dukiyar miji daban, ta mata daban. Tarayyar dukiya ta fito ne daga al'adun ƙabilun da suka mamaye Turai bayan rushewar daular Rum. A shekarar 654 wani sarkin ƙabilar Bisigot da ke mulkin ƙasar Sifaniya, mai suna Recceswinth, ya fitar da kundin dokoki wanda ya ce abin da miji da mata suka samu tare a raba musu gwargwadon abin da kowannensu ya shigo da shi. A shekarar 1255, zamanin Sarki Alfonso na 10, dokar masarautar Kastil ta mayar da rabon ya zama daidai wa daida, rabi da rabi.

A arewacin Faransa da ƙasar Holan kuwa, al'adar ta yi ƙarfi a garuruwan masu sana'a da 'yan kasuwa. Dalilin a fili yake. A gidan masaƙi ko mai gasa burodi, miji da mata ne suke aikin tare, ita ce ma sau da yawa take zama a shago tana karɓar kuɗi. Idan mijin ya mutu dangi suka zo suka kwashe komai, sana'ar ta mutu, marayu su shiga uku. Ba wa gwauruwa rabin dukiya shi ne hanyar da gida zai ci gaba da tsayuwa.

An rubuta al'adun birnin Faris a matsayin doka a shekarar 1510, aka sake gyara su a 1580. A nan ne aka bayyana ƙullin da ya riƙe mata har ƙarni huɗu: dukiya ta mutum biyu ce, amma miji ne shugabanta kuma mai iko da ita shi kaɗai. Yana iya sayarwa, yana iya jinginarwa, ba sai ya tambayi kowa ba. Matar sai ta jira ranar rabo ta ga abin da ya rage. Kariyar da aka ba ta ita ce, idan mijin ya mutu ya bar bashin da ya fi dukiyar yawa, tana da damar ta ce ta yafe rabonta, ta tsira daga masu bin bashi.

Daga Napoliyon zuwa 1985

Da Napoliyon ya haɗa dokokin Faransa cikin kundi ɗaya a shekarar 1804, sai ya ɗauki al'adar Faris ya mai da ita dokar duk wanda ya yi aure ba tare da rubuta wata yarjejeniya ta daban ba. Sashe na 1421 na kundin ya ba miji shi kaɗai ikon gudanar da dukiyar tarayya, da sayar da ita, da jinginar da ita, ba tare da matarsa ba. Matar aure ba ta iya ƙulla ciniki babba ko shigar da ƙara sai da izinin mijinta. Wannan kundi ya bi sojojin Faransa da 'yan mulkin mallakarta zuwa ƙasashe da yawa, ciki har da maƙwabtanmu.

Gyara ya riƙa zuwa ne kaɗan-kaɗan. A 1907 aka yarda matar aure ta riƙe albashinta da kanta. A 1938 aka cire ta daga sahun waɗanda doka ba ta ɗauke su masu cikakken iko da kansu ba. Sai a ranar 13 ga Yuli, 1965, aka yi dokar da ta ba Bafaranshiya damar yin aiki da buɗe asusun banki ba tare da izinin miji ba, wato shekara biyar bayan Nijeriya ta samu 'yancin kai. Dokar ce kuma ta taƙaita tarayyar ga abin da aka samu bayan aure. Daidaito na ƙarshe wajen gudanar da dukiyar bai zo ba sai a watan Disamba na 1985. Daga 1804 zuwa 1985 shekara 181 ke nan.

Gidan da aka jinginar a Amurka

Sifaniyawa da Faransawa sun kai wannan tsari nahiyar Amurka, shi ya sa har yau jihohi 9 na ƙasar Amurka suke bin sa, ciki har da Kalifoniya da Teksas da Luwiziyana. A Luwiziyana ne aka yi wata shari'a da ta nuna illar barin mabuɗi a hannu ɗaya. A shekarar 1974 wani mutum mai suna Harold Feenstra ya shiga hannun hukuma bisa ƙarar da matarsa Joan ta kai. Ya ɗauki lauya, ya sa hannu a takardar bashin dala 3,000 na kuɗin aiki, ya ba da gidan da suke da shi tare a matsayin jingina. Matar ba ta sani ba, kuma dokar jihar ba ta wajabta a sanar da ita ba, domin ta ɗauki miji a matsayin shugaba mai cikakken iko. Sai a 1976, da lauyan ya zo yana barazanar sayar da gidan, sannan ta ji labari. Shari'a ta yi ta tafiya har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1981 ta yanke cewa waccan doka ta saɓa wa tsarin mulki. Mace tana da rabin gida a takarda, amma saura ƙiris ta kwana a titi saboda sa hannun mutum ɗaya.

Afirka ta Kudu: inda launin fata ya shiga lissafi

A nahiyarmu, ƙasar da wannan tsari ya fi kafuwa ita ce Afirka ta Kudu, kuma tarihinta ya fi kowanne cika da darasi. Mutanen Holan sun sauka a yankin Kef a 1652 ƙarƙashin jagorancin Jan van Riebeeck, suka zo da dokarsu, wadda ta haɗe dukiyar ma'aurata gaba ɗaya, ta da da ta yanzu. Ingila ta ƙwace yankin a 1806 amma ta bar dokar yadda take. Tare da tarayyar akwai abin da suke kira ikon miji, wanda ya mai da matar aure kamar yarinya ƙarama a gaban shari'a: ba ta cin bashi, ba ta sayar da kadara, ba ta kai ƙara sai da shi.

Wata lauya kuma 'yar majalisa mai suna Bertha Solomon ta shafe shekaru tana fafutuka kafin a 1953 a yi dokar da ta ɗan rage wannan iko, ta kare albashin mace da wasu kadarorinta daga hannun miji. Babban sauyi ya zo da dokar dukiyar ma'aurata ta 1984, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba na shekarar. Ita ce ta soke ikon miji a sababbin aurarraki, ta ba miji da mata iko iri ɗaya. Sashe na 15 na dokar ya jera abubuwan da ɗaya ba zai yi ba sai da yardar ɗaya. Sayar da gida ko fili ko jinginar da shi sai da yarda a rubuce, gaban shaidu biyu. Haka ma tsaya wa wani a bashi. Sayar da kayan ɗaki ko yin kyauta mai tsoka daga dukiyar tarayya shi ma sai da yarda. Idan ɗaya ya ƙi yarda ba bisa dalili ba, kotu tana iya ba da izini. Idan kuma ɗaya yana almubazzaranci da dukiyar har yana neman cutar da ɗan'uwansa, kotu tana iya raba ta nan take alhali auren yana nan.

Sai dai duk wannan alheri bai shafi baƙar fata ba a lokacin. Tun a 1927 gwamnatin Turawa ta yi wata doka ta musamman don mulkin baƙaƙe. Sashe na 22 nata ya juya ƙa'idar: Bature idan ya yi aure, kai tsaye dukiya ta zama ta tarayya, amma baƙin mutum idan ya yi auren coci ko na rajista, dukiya a rabe take sai idan ma'auratan sun je gaban jami'i cikin wata guda kafin aure sun bayyana cewa tarayya suke so. Mutane ƙalilan ne suka san da wannan sharaɗi. Tun da yake a wancan zamani gida da fili da sunan miji ake rubuta su, sakamakon shi ne mace ta yi shekara arba'in tana wahala, ranar rabuwa ta fita da zanen da ke jikinta. Matan da aka aura bisa al'ada kuwa, dokar ta ɗauke su a matsayin yara ƙarƙashin kulawar mazajensu.

An gyara wannan a 1988, amma ga sababbin aurarraki kawai. Tsofaffin an ba su wa'adi su je wajen lauya su sauya tsari, abin da ba zai yiwu ba sai miji ya yarda. A 1993 aka soke ikon miji a duk auren coci da na rajista. A 1998, bayan faɗuwar mulkin wariya, aka yi dokar amincewa da auren al'ada, wadda ta fara aiki a Nuwamba na 2000. Ta ce auren al'ada na mace ɗaya tarayya ne, kuma mijin da ke son ƙara aure sai ya je kotu an amince da rubutacciyar yarjejeniya a kan yadda dukiya za ta kasance tsakanin matansa. A nan ma an bar tsofaffin aurarraki a baya.

Tsofaffin mata biyu ne suka rufe waɗannan giɓi. Ta farko Elizabeth Gumede, wadda aka aura bisa al'ada a 1968, mijinta ya nemi saki bayan sama da shekara talatin, doka kuma ta ce duk dukiyar gidan tasa ce. A Disamba na 2008 Kotun Tsarin Mulki ta ba ta gaskiya, ta ce tsofaffin aurarrakin al'ada na mace ɗaya su ma tarayya ne. Ta biyu Agnes Sithole, wadda ta yi auren coci a 1972. Ta yi renon 'ya'ya, ta yi sana'ar sayar da tufafi tana biyan kuɗin makarantarsu. Da zama ya yi tsami, mijin ya ce zai sayar da gidan da suke ciki, a nan ne ta gano cewa dokar 1927 ta hana ta ko da bulo ɗaya a cikinsa. Tana da shekara sama da 70 ta shiga kotu, kuma a ranar 14 ga Afrilu, 2021, Kotun Tsarin Mulki ta mai da duk irin waɗannan aurarraki na tarayya.

Musulmin ƙasar su ma suna da nasu labarin. Shekaru aru-aru doka ba ta san da auren da liman ya ɗaura ba. A watan Yuni na 2022 Kotun Tsarin Mulki ta ce wannan rashi ya saɓa wa tsarin mulki. A umarnin wucin gadi da ta bayar, ta ce a ɗauki auren Musulunci a matsayin wanda dukiya take a rabe sai idan ma'auratan sun yi wata yarjejeniya, amma alƙali yana da ikon ya ba mace wani kaso ranar rabuwa idan adalci ya buƙaci haka.

Maƙwabtanmu

Kundin Napoliyon bai tafi tare da Faransawa ba. A yankin Kamaru mai amfani da Faransanci, tsohon kundin yana aiki, har da sashe na 1421 da ya ba miji ikon sayar da dukiyar tarayya shi kaɗai, wanda Faransa kanta ta daɗe da sauya shi. Dokar rajistar jama'a ta Kamaru ta 1981 ta sa ana rubuta abu biyu a takardar aure: ko auren mace ɗaya ne ko na mata da yawa, da kuma ko dukiya ta tarayya ce ko a rabe. Ɗan'uwanmu da ya je ofishin magajin gari a Duwala ko Yawunde ya yi rajistar aure, waɗannan tambayoyi biyu za a yi masa, kuma amsar da ya bayar a tsaye cikin minti ɗaya za ta bi shi har ranar rabon gadonsa.

A Kodebuwa, gwamnatin Houphouët-Boigny ta yi doka a 1964 wadda ta hana auren mace fiye da ɗaya, ta kuma wajabta tarayyar dukiya a kan kowane aure na hukuma, miji ne mai gudanarwa. An yi ta ne da sunan kare mata, amma matan da suka saba riƙe jarinsu da kansu a kasuwa suka ga cewa ribarsu ta koma ƙarƙashin ikon miji. Ƙorafinsu na daga cikin abin da ya sa a 1983 aka gyara dokar, aka ba ma'aurata damar zaɓar raba dukiya. Abin da ya zama kariya ga matar da ke zaune a gida ya zama ƙaya ga matar da ke da shago.

Gana ba ta gaji wannan tsari ba, domin Ingila ce ta mulke ta, amma ta matso kusa da shi ta wata hanya. A 1959 wata kotu ta yanke cewa bisa al'ada taimakon da mace ta yi wa mijinta ba ya ba ta kaso a dukiyarsa. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 22, ya ce dukiyar da aka samu tare a raba ta bisa adalci. A 2012 Kotun Ƙoli, a shari'ar Mensah da Mensah, ta ɗauki aikin gida da renon yara a matsayin gudummawa. Dokar filaye ta 2020 kuma ta hana miji ko mata sayar da filin da aka saya a lokacin aure ko jinginar da shi sai da rubutacciyar yardar ɗayan. Mai sayen fili a zangon Kumasi ko Akra ya kamata ya san wannan.

Me ya sa babu shi a Nijeriya

Dalili biyu ne. Na farko, Ingila ba ta taɓa bin tarayyar dukiya ba. Tsohuwar dokarsu ta fi haka tsanani, domin idan mace ta yi aure kayanta da kuɗinta na mijinta ne. Da suka tashi gyara a 1870 da 1882, sai suka zaɓi rabuwa: kowa ya riƙe nasa. Nijeriya ta gaji dokokin Ingila na gama-gari da suke aiki a ranar 1 ga Janairu, 1900, don haka ta gaji rabuwa. Dokar shari'o'in aure ta 1970, a sashe na 72, ta ba alƙali ikon ya daidaita dukiya bisa adalci ranar saki, amma ga masu auren rajista kaɗai.

Na biyu, mu Musulmi muna da namu tsari tun kafin zuwan Bature. A shari'a aure ba ya haɗe dukiya. Sadakin mace nata ne, gadonta nata ne, ribar sana'arta tata ce, ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuma suna wuyan miji ko da ta fi shi kuɗi. Bashinsa ba ya hawa kanta. Idan ya rasu tana da rubu'i in babu ɗa, ko tumuni in akwai, kuma idan matan sun fi ɗaya su raba wannan kason a tsakaninsu. Bahaushiya ta daɗe da sanin akuyarta da tumakinta da kuɗin adashinta, lokacin da Bafaranshiya ba ta iya buɗe asusu da sunanta.

Amma kada wannan ya sa mu saki jiki, domin rabuwar dukiya ita ma tana da ramin da ake faɗawa. Ramin shi ne dukiyar da aka haɗa hannu aka tara amma aka rubuta da sunan mutum ɗaya. A 1992 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a shari'ar Amadi da Nwosu. Miji ya sayar da gida, matar ta ce tare suka gina shi. Kotu ta ce ba ta kawo bayani dalla-dalla na abin da ta zuba ba, don haka ta rasa. Mata nawa ne a Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suka sayar da sarƙarsu, ko suka kwashi adashi, aka sayi bulo da kwano, babu takarda babu shaida?

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun taɓa duba wannan matsala. A ƙarni na 16 wani malami a duwatsun arewacin Maroko, Ibn Ardun, ya ba da fatawa cewa matan ƙauye da suke noma da girbi tare da mazajensu suna da kaso a abin da aka tara, daban da gadonsu. Malaman birnin Fas da dama ba su bi shi ba, amma fatawar ta rayu a wasu yankuna. Dokar iyali ta Maroko ta 2004, a sashe na 49, ta tabbatar da cewa dukiyar kowa tasa ce, sannan ta ba ma'aurata damar rubuta yarjejeniya daban a kan abin da za su tara tare. Idan babu yarjejeniya, alƙali zai duba aikin da kowannensu ya yi.

Abin da za mu ɗauka

Na farko, ga masu zama ko aure a wata ƙasa: kafin ka sa hannu a takardar rajistar aure, ka tambayi wane tsarin dukiya ne zai hau kanka idan ba ka zaɓi komai ba. A Afirka ta Kudu yin shiru yana nufin tarayya a komai, kuma mai son rabuwa sai ya rubuta yarjejeniya gaban lauya mai hatimi kafin ɗaurin aure. Sauyawa daga baya sai an je kotu, da kuɗi da wahala.

Na biyu, ga 'yan kasuwa: idan za ka sayi gida ko fili, ko ka karɓi jingina daga hannun mai aure a waɗannan ƙasashe, ka nemi ganin takardar aurensa da sa hannun matarsa. Cinikin da aka yi ba da yardarta ba yana iya warwarewa a kotu bayan ka biya kuɗinka.

Na uku, ga mu da muke nan gida. Idan maigida da uwargida suka haɗa kuɗi suka sayi fili ko suka yi gini, a rubuta. A faɗi ko rance ne, ko kyauta ce, ko tarayya ce, kuma kashi nawa. A sa shaidu, a sa sunan kowa a takardar fili in tarayya ce. Addininmu da kansa ya yi umarni da rubuta bashi, kuma bai cire miji da mata daga ciki ba. Yin haka ba rashin yarda ba ne. Ranar da za a buƙaci takardar, wataƙila maigidan ba ya nan balle ya faɗi gaskiya, sai 'yan'uwa da kishiyoyi da 'ya'yan ɗakuna daban-daban, kowa da abin da ya ji. Mun sha zama sulhu a kan irin wannan, kuma mun ga zumuncin shekara talatin ya watse saboda ɗaki biyu da falo.

Muna roƙon iyayenmu malamai da masu unguwanni su riƙa tunatar da jama'a wannan a wuraren ɗaurin aure da wa'azi. Allah Ya zaunar da gidajenmu lafiya, Ya sa albarka a abin da muke nema, Ya kare mu daga cin haƙƙin juna. Amin.

Sakataren Ƙungiya